Kafin a Ba da Kafin Alƙalami: Sayen Gida a Samaru da Kewaye

Samaru gari ne na waɗanda aiki ko karatu ya kawo. Bakatsine da Banufe, Bayarabe da Ibo, mutumin Borno da na Kudancin Kaduna, kowa ya sauka da niyyar shekara huɗu ko biyar ya koma gida. Sai aure, sai haihuwa, sai yara su shiga makaranta, kafin mutum ya ankara furfura ta fito, garinsu kuma ya koma wurin da ake zuwa da salla ko ta'aziyya. Wanda ya yi sa'ar samun gida a kwatas ɗin Jami'ar Ahmadu Bello, a Area A ko Area BZ, shi ya fi kowa saurin mantawa cewa aro aka ba shi. Dokar da aka gyara a 2012 ta ba farfesa damar aiki har ya kai shekara 70, sauran ma'aikata 65. Wa'adi na cika sai a nemi makulli. A lokacin ne za ka ga dattijon da ya yaye ɗalibai ba iyaka yana bin dillali lungu-lungu a Zango ko Palladan, yana jin farashi yana salati.

Ba 'yan jami'a kaɗai ke nema ba. Akwai sojan da ya ajiye kaki, da ma'aikaciyar jinya ta asibitin Shika, da ɗan kasuwar Sabon Gari da ya gaji da haya, ga kuma waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukan Giwa da Birnin Gwari suna neman inda za su yi barci da ido biyu a rufe. Galibinsu abin da ido ke gani suke dubawa: fenti, tayil, yawan ɗakuna, ko mota za ta shiga layin. A wannan yanki kuwa, abin da ke tsayar da gida ko ya kayar da shi yana cikin tarihin ƙasar da aka ɗora shi a kai.

Sabon Gari ce ta riga kafuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kamfanonin Turawa masu sayen auduga da gyaɗa da fatu suka biyo shi. Har yau sunan ɗaya daga cikinsu bai bar bakin mutane ba, kowa PZ yake cewa. Turawan mulki suka kasa garin kashi-kashi: Birni na Zagezagi, Tudun Wada na baƙi 'yan Arewa, Sabon Gari na akawu da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu, su kuma suka keɓe kansu a GRA. Layi-layi aka yanka filayen Sabon Gari, kowane da lambarsa, shi ya sa tsofaffin gidajen can sukan fi na bayan gari tsayayyen tarihi. Samaru kuwa gona ce ta haife ta. A 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona, leburori da ƙananan ma'aikata suka yi matsuguni kusa da ita. Kwalejin fasaha ta zo a shekarun 1950, sannan ranar 4 ga Oktoban 1962 aka buɗe jami'a. Daga nan hukumomi suka yi ta sauka: kwalejin koyon tuƙin jirgin sama a Palladan a 1964, barikin soja da cibiyar binciken sinadarai a Basawa, cibiyar fasahar sufuri, makarantar jima da sarrafa fata, cibiyar binciken dabbobi a Shika, sai asibitin koyarwa da ya tare a can a 2005.

Kowace daga cikinsu an yanka mata ƙasa mai faɗi, mafi yawa daga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, kuma ba duka aka katange ba. Abin da hukuma ba ta buƙata a lokacin sai aka ƙyale masu gona suka ci gaba da nomawa. Shekara talatin, shekara arba'in, wanda aka yi maganar da shi ya rasu, jikansa ya tashi ya tarar gidansu ke noma wurin, bai taɓa ganin wata taswira ba. Gari ya matso, dillali ya zo da igiya. Idan jikan nan ya rantse cewa gonar gado ce, ba lallai ƙarya yake yi ba. Wanda ya saya ma ba ɓarawo ba ne. Amma a cikin wata durowa a ofis akwai tsohuwar taswira da ta ce wurin na hukuma ne, kuma duk ranar da aka fito da ita, ita ke da katafila.

Mutanen unguwar Graceland sun ga wannan rana. A watan Oktoban 2021 motocin rusau na hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, KASUPDA, suka shiga unguwar suka kwantar da gidaje fiye da 100. Hujjar hukuma ita ce filin na kwalejin tuƙin jirgin sama ne. Mazauna suka ce da kuɗinsu suka saya, suna da takardu, sun shekara da shekaru a zaune, kuma maganar ta daɗe a gaban kotu. Kafin nan, a 2015, farkon hawan Gwamna Nasir el-Rufa'i, an rushe gine-ginen da aka ce sun ci filin Kwalejin Alhudahuda a can cikin Zariya. Ni dai ban ga yadda za a wanke hukuma tas a irin wannan ba. Unguwa ba ta tsirowa dare ɗaya. An ga ana haƙa harsashi, an ga ana kafa falwaya, 'yan siyasa sun shiga neman ƙuri'a, babu wanda ya ce uffan sai da aka yi rufi aka haifi yara a ciki. Sai dai ko da mutum ne ke da gaskiya, shari'a kan ɗauki shekaru, shi kuwa a daren nan yake buƙatar inda iyalinsa za su kwana.

Abin da doka ta ce ya sha bamban da yadda kasuwa ke tafiya, kuma a tsakanin biyun ne mutane ke faɗawa. Tun 1910 Turawa suka ɗora ikon ƙasar Arewa a hannun gwamna, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta hakan a dokarta ta 1962, sannan ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa tsarin a kan Najeriya duka da Dokar Amfani da Ƙasa, wadda aka cusa cikin tsarin mulki don kada a taɓa ta da sauƙi. A ƙarƙashinta gwamna ne ke riƙe da ƙasar jiha amana. Kai da ka ce ka sayi fili, haƙƙin zama ka saya, kuma satifiket ɗin da ake ba ka yawanci na shekara 99 ne. A cikin birni gwamna ke bayarwa. A karkara ƙaramar hukuma na iya ba da nata, abin da ke jawo ruɗani a wuraren da jiya ƙauye ne yau sun zama unguwa. Sashe na 22 ya ce mai satifiket ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce cinikin da aka yi ba a bi ta nan ba banza ne. Ba barazana ba ce kawai. A 1989, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, mutum ya jinginar da gida, da banki ya zo sayarwa sai ya ce ai ba a nemi amincewar gwamna ba, Kotun Ƙoli kuma ta ce jinginar ba ta yi ba. Idan banki da lauyoyinsa ya faɗa wannan rami, ina ga malamin firamare? Gwamna na kuma iya karɓe fili don amfanin jama'a, titi ne ko layin dogo ko makaranta, diyyar da doka ta tanada kuwa ta gini ce da shuka, ba ta darajar ƙasar a kasuwa ba.

To amma yaya ake ciniki a Bomo ko Hayin Dogo ko Dogarawa? Mai gona ya kira masu awo, a ja igiya, a yanka ƙafa 50 da 100, wani wuri 50 da 50, a bar ɗan siririn layi da ƙyar motar yashi ke wucewa. A yi ciniki a gaban shaidu, a rubuta takarda, a kai wa mai unguwa: "Ranka ya daɗe, ga baƙo mun kawo maka, ya sayi na wurin Malam wane." Ya sa hannu ya buga hatimi, wani lokaci a wuce wurin dagaci ko hakimi. Kada a raina wannan takarda. Mai unguwa na gari ya san gonar wa ta yi iyaka da ta wa, ya san wadda ake rigima a kanta, ya san wanda ya taɓa sayar da wuri ɗaya sau biyu. Idan ka sami saɓani da wanda ya sayar maka, ita ce za ta nuna ka biya. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta ba ka abin da mai sayarwar bai mallaka ba. Ko hatimi goma aka jera a kanta, idan tushen ba shi da kyau, na goman bai fi na farko ƙarfi ba.

A ƙarshen 2015 Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADGIS, ta tattara harkar filaye wuri ɗaya, ta sa taswirori cikin kwamfuta, ta nemi masu tsofaffin satifiket su kawo a sabunta, masu awon igiya su zo a daidaita musu. Mutane na ƙorafin jeka-ka-dawo da kuɗin ƙasa da ake bi duk shekara, kuma ƙorafin na da tushe. Duk da haka, ga mai shirin saye, nan ne wurin da ya fi cancanta ya kashe kuɗinsa na farko. Ya ɗauki safiyo mai lasisi, nasa na kansa ba na mai sayarwa ba, ya je ya ɗauki ma'aunin wurin, a duba ko ya faɗa cikin filin wata hukuma, ko hanyar da aka tsara, ko gefen layin dogo, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. In gidan na da satifiket, a nemi binciken fayil: sunan wa ke ciki, an jinginar da shi ga banki, ana bin sa bashin kuɗin ƙasa? Hoton satifiket ba satifiket ba ne. Wanda ya ce na asalin yana wurin yayansa a Abuja, a jira yayan ya dawo. A kuma tambayi takardar izinin gini ta KASUPDA, domin mallakar fili daban, izinin ɗora gini a kansa daban.

Tsofaffin gidajen cikin Samaru da Sabon Gari ba su cika samun matsalar iyaka da hukuma ba. Tasu matsalar gado ce. Mai gida ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha wani abu, wasu a Legas, wasu a gidan aure, wasu ba su balaga ba. Babban wa, wanda makulli da takardu ke hannunsa, ya sa gida a kasuwa. Kai ka ga takarda ta asali, ka ga ɗan marigayi da kowa ya sani, ka biya. Bayan wata shida sai ga sammaci: ƙanwarsa ta ce ba da ita aka yi ba, matar uba ta ce ba a fitar musu da tumuninsu ba. Kuma suna da gaskiya. Kafin a raba gado kowane magaji na da haƙƙi a kowane lungu na gidan, babu mai ikon sayar da rabon wani sai da wakilci, rabon maraya kuwa sai da izinin alƙali. Akwai ma wata ƙofa da 'yan boko da yawa ba su san da ita ba, wato shufu'a. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran na da ikon mayar wa baren kuɗinsa su karɓe kason, kuma wanda yake gari ya san da cinikin yana da wajen shekara guda kafin haƙƙin ya faɗi. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi a Malikiyya, a Hanafiyya ne yake da shi, sai dai al'adarmu ta ce a fara yi masa tayi, kuma wanda ya tsallake wannan ladabi ya sayi gida tare da gaba.

Maganin dai a sayi gidan gado ta hannun kotu, ko aƙalla a ga takardar rabon gado, kowane magaji baligi ya sa hannu da kansa. Mata su zo a ji daga bakinsu, kada a wadatu da "ai ta yarda". Gidajen Yarabawa da Ibo na Sabon Gari, waɗanda jikokin masu su suka watsu zuwa Ogbomosho da Ilori da Onica, su ma haka: a nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu, in kuma gidan dangi ne bisa al'ada, sai shugaban dangi da manyansu sun haɗu a kan cinikin. Idan akwai 'yan haya a ciki, a san da su tun kafin a biya. Mai hayar shekara, in ba a rubuta wani sharaɗi daban ba, notis ɗin wata shida ake ba shi, kuma sabon mai gida ba ya fitar da shi da ƙarfin tuwo.

Sai dillali. Ba a yi sai da shi, don babu wani allo da ake liƙa gidajen sayarwa. Labarin yana bakin mutanen da ke zaune a benci a gindin bishiya. Akwai na kirki, waɗanda suka gaji sana'ar kuma suke tsoron ɓata suna. Amma a tuna yadda ake biyansa: la'ada, galibi kashi 5 cikin 100, kuma sai ciniki ya faɗa. Wanda abincinsa ke rataye a kan ka saya ba shi ne zai gaya maka kada ka saya ba. Ga kuma 'yan kayi-nayi, wannan ya ji daga wancan, wancan daga wani, kowa ya ɗora nasa, har ka rasa wanda ya taɓa ganin mai gidan ido da ido. Kalmominsu ba sa canzawa. "Alhaji, wallahi akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe, don dai kai namu ne." "Mai shi matsuwa ce ta same shi, asibiti zai kai mahaifiyarsa." "Ka ɗan ajiye kafin alƙalami a riƙe maka." Mai yiwuwa gaskiya ne. Amma kafin alƙalami in ya fita da wuya ya dawo cikakke, kuma da zarar mutum ya ajiye shi sai ya daina bincike ya koma neman hujjar da za ta kwantar masa da hankali. Arha ma abin tsoro ce: gidan da ya faɗo ƙasa da na maƙwabtansa nesa ba kusa ba, akwai abin da mai shi ya sani wanda kai ba ka sani ba. Ka koma unguwar kai kaɗai, ba tare da dillali ba, ka yi sallar la'asar a masallacin layin, ka sayi goro wurin mai tebur, ka tambaya. Kuɗi kuma ta banki za a tura, zuwa asusun wanda sunansa ke kan takarda.

In takarda ta yi kyau, saura ƙasar kanta. Gida a Zariya sau biyu ake duba shi, a Agusta da kuma Afrilu. Kogin Kubanni ya ratsa ta cikin jami'a, ya bi ta tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada ya faɗa Galma, kuma ƙoramu da fadamun da ke zuba cikinsa da rani a bushe suke ƙayau, a lokacin ake yanka su a sayar. Wanda ba zai iya jiran damina ba ya duba gindin katangun maƙwabta, ruwa ba ya tafiya bai bar zane ba. Afrilu kuwa na rijiya ne. Ƙarƙashin Zariya dutse ne, wani wuri ka sami ruwa kusa, gida uku gaba a haƙa burtsatse a tashi a tutar babu. An ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa mai lita miliyan 150 a rana a 2017, amma kafin ka dogara da famfo ka tambayi matan layin yaushe rabon da ya kawo, kuma nawa 'yan garuwa ke sayar da kura. A matsattsun filaye a auna tazarar rijiya da masai, naka da na maƙwabci. A sabuwar unguwa kuma, ka sa a lissafi cewa za a zo maka da karo-karon taransifoma, da na kwalbati, da na 'yan sintiri.

Maganar 'yan sintiri ba ta wasa ba ce. A 2020 da 2021 masu garkuwa da mutane sun riƙa shiga unguwannin gefe, har cikin kwatas ɗin jami'a sun ɗauki malami. Gidan ƙarshe, wanda bayansa gona ce, da shi ne abin sha'awa saboda iska da sarari; yanzu shi ake gudu. Akwai kuma wani lissafi da ba a cika faɗa a fili ba amma kowa na yi. Tun rikicin 1987 da ya taso daga Kafanchan ya iso Zariya, da na bayan zaɓen 2011, mutane na duba addinin maƙwabta kafin su duba magudanar ruwa. Ba zan zargi uban da ke neman inda 'ya'yansa za su tsira ba, amma abin takaici ne a garin da ginshiƙinsa cakuɗuwa ce.

Kuɗi fa? Kasuwar gida a nan ta tsabar kuɗi ce. Bashin banki na kasuwanci ba na mai albashi ba ne: a ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankuna kuma daga nan suke ɗorawa. Ko a kashi 25 aka ba ka naira miliyan 10, ruwan kaɗai ya haura naira 200,000 a wata, kusan ninki uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Akwai Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake yankar wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashi dominsa, kuma Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya ke ba da rance daga ciki a kan kashi 6, a biya har cikin shekara 30. A wannan ma'auni miliyan 10 ɗin nan ta koma wajen naira 60,000 a wata. Tun 2022 ma an yarda mai asusun fansho ya ciri har kashi 25 na abin da ya tara ya ba da a matsayin kason farko. To me ya sa da wuya ka haɗu da wanda ya mallaki gida ta wannan hanya? Wasu tsoron riba ne ya hana su, ko da yake tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 akwai hanyoyin da ba na ruwa ba. Amma babban shingen shi ne wanda muka baro a baya: mai ba da rance ba ya karɓar takardar mai unguwa. Gidan da ba shi da satifiket ba ya jinginuwa, kuma irinsa ne suka fi yawa a kasuwa. Ma'aikaci na nan ana yankar albashinsa shekara da shekaru don asusun da gidajen unguwarsa ba su cancanci cin moriyarsa ba.

Saboda haka mutane suka koma ga abin da suka iya: adashi, ƙungiyoyin gama kai na ma'aikata da ke sayen gona su yanka wa mambobi ana cira a albashi, kuɗin sallama na ritaya, sayar da gonar gida. Sai gini da kaɗan-kaɗan, bana harsashi, baɗi a kai linta, shekara ta uku a yi rufi, a gyara ɗaki biyu a tare, sauran a ƙarasa ana ciki. Kangwayen da ke cike da bayan gari shaida ne cewa hanyar ba ta da tabbas. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, ninki biyu na kuɗinsa watanni kaɗan kafin nan, rodi da kwano suka bi sahu. Wanda ya yi lissafin rufi da kuɗin bara sai ya ga ko rabi ba su kai ba. Duk da haka, in aka ce in zaɓa wa mai ƙaramin ƙarfi, fili mai tsabtar takarda da gini a hankali zan zaɓa masa a kan ginannen gidan da aka yi don sayarwa. Mai gini don riba ya san inda ake rage siminti ba a gani: bulo mai yashi da yawa, rodi siriri, harsashi marar zurfi, a shafe da filasta a bi da fenti mai ƙyalli. Wanda ya nace sai ginanne, ya tafi da birkila ko injiniyan da ya yarda da shi, a leƙa cikin silin, a ƙwanƙwasa bango, a buɗe sokawe.

Akwai masu saye ba don zama ba, sai don hayar ɗalibai. Dalilinsu a fili yake: ɗakunan kwana na cikin jami'a, su Amina da Ribadu da Suleiman da Ɗanfodiyo, ba su taɓa isar ɗalibai ba, kuma duk gidan da ake iya takowa daga gare shi zuwa ƙofar makaranta ba ya rasa mai so. Amma kafin a yi murna a raba kuɗin gidan da hayar shekara, a ga shekara nawa zai ɗauka ya mayar da uwar kuɗi, bayan an cire gyaran famfo da ƙofofi da kwashe masai. Sannan a tuna 2020, da korona da yajin aikin malaman jami'a suka haɗu suka cinye kusan shekarar duka, da 2022, da aka rufe daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Wata takwas ɗakuna na kulle da kayan ɗalibai a ciki, ba a karɓi sabuwar haya ba, ba a kuma iya sa wani ba, suka dawo aka shiga gardamar ko watannin yaji na cikin lissafi. Wanda ya zuba kuɗin sallamarsa kaf a irin wannan gida ya ɗaura tukunyarsa ne a kan zaman lafiyar gwamnati da ƙungiyar malamai.

Bayan an biya ma aiki bai ƙare ba. A rubuta cikakkiyar yarjejeniya ta hannun lauya, a nemi amincewar gwamna, a mayar da suna a KADGIS. Da yawa kan tsaya a nan saboda kuɗi sun ƙare, sai su bar wa 'ya'yansu fayil mai sunan wani. In fili ne a katange shi ko a kafa alama, a riƙa leƙawa. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi: wanda ya ga bare na gini ko rushewa a wurinsa shekara 10, yana gari, babu abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, ba a sauraron ƙararsa bayan nan. In ka ba wani aron wurin ya noma, ku rubuta cewa aro ne.

Sai sunan da za a sa a takarda, wanda ma'aurata ba sa son tayarwa don kunya. Gidaje da yawa a Samaru da kuɗin mace a ciki: adashinta, sarƙarta ta gwal, rabonta na gadon mahaifinta, albashinta na koyarwa. Takarda kuwa sunan maigida kaɗai ta ɗauka, saboda "ai duk ɗaya ne". Ranar da ya faɗi, gidan duka ya shiga gado, ita kuma in akwai 'ya'ya tumuni ne nata, in da kishiyoyi su raba tumunin tare, sai fa in ta kawo shaidun abin da ta zuba, kuma sau da yawa babban shaidan shi ne wanda aka binne. Doka ba ta hana a sa suna biyu a satifiket ba, shari'a ma ba ta hana miji da mata tarayya a dukiya ba. In hakan ya yi nauyi, ko takarda guda ce a rubuta cewa kaso kaza na gidan nata ne, shaidu biyu su sa hannu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kowa ya riƙe kwafi.